Injin Dizal a Jirgin Baba

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Yau kwana tara jirgin Baba yana kan tudu, an ɗora shi a kan gungume kamar saniyar da ake shirin yi wa ɗori. Ni malamar makaranta ce, alli da allo na sani. Hutu na zo yi gida, ga ni a bakin ruwa ina haddace sunayen ƙarafa.

Jiya makanike ya ciro injinan fetur ɗin guda biyu. Na hagun ban tsaya kallonsa ba, na ce a rufe shi da tamfol. Jami'in duba jirage ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: bayan abin da ya faru, ba zai sake sa hannu a takardar ɗaukar fasinja ba sai an koma dizal. Wai dizal ko ashana ka jefa masa sai ya yi shawara kafin ya kama, fetur kuwa tururinsa kaɗai ya isa. Ya ce zai dawo Alhamis ta mako na uku. In bai ga aiki ba, hanyar ƙetaren wani za a ba.

Yaya ne ya kamata ya tsaya a kan wannan aiki. Yaya yana gidansa a kwance.

Litinin, bayan la'asar

Na tambayi makanike yaushe injinan dizal za su iso. Ya ce, “Gobe da safe, Malama.” Sai na ga masu gyaran raga suna dariya ƙasa-ƙasa. Ashe sunan da suke kiransa ke nan, Gobe-da-safe.

Baba ya zo da sandarsa, ya leƙa ramin inji ya ga wayam. Ya ce, “Uwata, wa ya kwashe min injina?” Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kirana da wani suna ba.

Na ce, “Gyara ake yi, Baba.”

“Ina yayanki? Shi ya kamata ya tsaya.”

“Yana gida, ba ya jin daɗi.”

“Tun yaushe? Ba wanda ya gaya min.”

An gaya masa. Inna ta gaya masa, ni ma na gaya masa sau uku.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya

Ba su iso ba.

Laraba, azahar

Ba su iso ba. Wai motar da ta ɗauko su ta yi faci. Na ce tayoyinta nawa ne, da za ta kwana biyu tana faci? Ya ce, “Malama, sai haƙuri.” In da haƙuri na tayar da jirgi da tuni mun kai ƙetare mun dawo.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Sun iso, kuma sun ƙi shiga.

An ɗaga na farko da sarƙa, mutum shida suna “a hankali, a hankali”, aka sauko da shi bakin ramin, ya tsaya cak. Yatsu biyu ya fi ƙofar faɗi. Na ce wa Gobe-da-safe, “Ba ka auna ba ne?” Ya ce ya auna. Na ce da me? Ya nuna min taƙinsa. Da taƙi! Ina da abin awo a jakata, na 'yan aji huɗu, da ya tambaya da na ara masa.

Aka kira kafinta ya faɗaɗa ƙofar. Yana sa zarto ke nan Baba ya iso. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

“Kai! Uban wa ya ce ka yanka min jirgi?”

Kafinta ya saki zarto ya dube ni. Kowa ya dube ni. Na ja Baba gefe ina yi masa bayanin dizal tun daga farko. Ya ce dizal na babbar mota ne, jirginsa ba ya shan abin da ke warin tsohuwar fitila. Shekara arba'in yana kai mutane ƙetare da fetur, wa ya taɓa ko ƙwarzanewa?



Na raka shi gida, na dawo na ce wa kafinta ya yanka kafin rana ta faɗi.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na je gidan Yaya. Hannun dama a naɗe tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Girarsa ba ta fara fitowa ba, sai fuskar ta zama kamar kullum mamaki yake yi. Matarsa ta kawo min ruwa ta koma bakin ƙofa ta tsaya, hannu a harɗe.

Bai bari na gama yi masa sannu ba. “Auta, a kan me makaniken zai ɗora injinan?”

“A kan katakon da na da suke kai.”

“Kada ki yarda. Dizal ya fi nauyi, kuma jijjiga gare shi kamar mai zazzaɓi. Sai an yi sabon gindi da ƙarfe. Tankunan fa?”

“Ya ce wankewa za a yi.”

“Ƙarya yake. Cikinsu shafen tutiya ne, dizal zai ɓare shi ya toshe komai. A canza.”

Na rubuta duka a bayan takardar magani. Ya tambayi farfela, ya tambayi batir, ya tambayi ko ruwan sama ya shiga jirgin. Mutum ɗaya ne bai tambaya ba. Da zan fita na ce, “Kullum sai ya tambaye ka.”

Matarsa ce ta amsa. “Ya ci gaba da tambaya.”

Yaya ya juya fuska bango.

Lahadi, da yamma

Wata mata daga ƙetare ta tare ni a kan hanya, mai kawo tumatir kasuwa. Ta ce da jirginmu minti arba'in ne, yanzu a kwalekwale awa uku suke yi cikin rana, kafin su iso rabin kwando ya zama miya. Surukarta kuma cikin wata tara gare ta. “Yaushe ne, 'yar nan?”

Saura kaɗan in ce mata gobe da safe.

Litinin, ƙarfe tara

Na karanta wa makanike saƙon Yaya. Ya ce, “Wanda ke kwance ya fi kowa iya aiki.” Na ce to wanda ke tsaye ya nuna mana. Ya yi fushi, ya tafi shan shayi awa biyu, ya dawo da mai walda. Ashe ya san gaskiya ce.

Talata, azahar

Sandar da ke juya farfela ta yi siriri, wai ƙarfin dizal zai murɗe ta. Farfelun ma ba za su yi ba, domin dizal a hankali yake juyawa, sai masu faɗin kunne. Bututun hayaƙi ya yi ƙanƙanta. Batir ya yi ƙanƙanta. Na ce masa, “Don Allah faɗa min abu ɗaya da bai yi ƙanƙanta ba.” Ya yi tunani ya ce, “Sitiyari.”

Na ɗauka inji za a cire a sa inji, kamar yadda ake canza ƙwan fitila. Ashe ana kukan targaɗe ne karaya na tafe.

Laraba, ƙarfe huɗu

Baba ya zauna a kan gungume tun safe yana kallon masu aiki. Da aka kawo sababbin tankuna za a sa su a baya inda na da suke, ya ɗaga sanda.

“Kada ku sa su nan. Waɗannan jakunan da kuka ɗora masa sun fi na da nauyi. Ku ƙara masa tanki a baya, gindinsa zai nutse, hancinsa ya ɗaga sama. Ku kai su tsakiya, ƙarƙashin benci na biyu.”

Gobe-da-safe ya ce, “To, Baba,” irin to ɗin da ake ce wa yaro. Ya sa su a baya.

Ni ma ban sa baki ba. Mutumin da ya tambaye ni sau biyu yau ko ya karya, ga burodin a hannunsa.

“Ina yayanki?” Sau huɗu.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma



Na je ɗauko ruwa, minti biyar ban yi ba. Ina dawowa na hango Baba a kan jirgi. Yadda ya hau tsanin da wannan gwiwar, Allah kaɗai ya sani. Yana tsaye a gaban sitiyari, hannunsa a kan makulli. Makanike kuwa yana cikin ramin inji, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Daidai inda Yaya yake rannan. Daidai.

Ban san na yar da gorar ba. Na ji dai muryata tana cewa, “Baba, sake shi! Sake makullin nan! Bai ishe ka ba?”

Ya murɗa. Ba abin da ya faru. Ba a haɗa batir ba tukuna.

 Makanike ya fito daga ramin, ya dubi Baba, ya dubi makullin, ya zauna a ƙasa daɓas. Baba ya sauko da hannunsa a hankali.

“Ni kike wa tsawa, Uwata? A gaban mutane?”

Ban ba shi haƙuri ba. Na zare makullin na jefa a jaka. Masu gyaran raga suka taimaka aka sauko da shi, ya ƙi kama hannuna, ya tafi shi kaɗai yana dogara sanda.

Makanike ya ce, “Malama, ina da 'ya'ya biyar. Ko shi a bakin ruwan nan, ko ni.” 

Abin da ya fi ƙona min rai: da na shiga gida Baba ya ce, “Uwata, sannu da aiki, kin sha rana.” Ya manta. Ni aka bari da ita.

Juma'a, da safe

Inna ta ce za ta riƙe shi a gida. Na ce da me? Ta ce, “Shekara hamsin ina riƙe shi, yau za ki koya min?” Ta ɓoye masa takalma.

Asabar, ƙarfe uku

An tayar da injin dama a kan tudu don gwaji. Ya tashi, har na fara murna, sai na ga dizal yana malala a cikin jirgi. Ashe shi dizal ba ya shanye duk man da aka ba shi, sauran sai an yi masa bututun da zai mayar da shi tanki. Gobe-da-safe ya manta da bututun. Awa biyu muna kwasa da tsumma. Mayafina ya tashi daga aiki.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya yi dariya har ya ce wayyo hannuna. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin rannan.

Sai na ce, “Yaya, ranar Alhamis sai mai takardar tuƙi ya riƙe sitiyari a gaban jami'i. Ku biyu ne masu takarda a gidanmu.”

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, “Da wane hannun?” Ya kashe waya.

Lahadi

Ban je ko'ina ba. Baba ya wuni yana neman takalmansa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

An saka jirgi a ruwa. Gindinsa ya nutse, hancinsa ya ɗaga sama kamar mai girman kai. Ruwa har ya kusa taɓa bututun hayaƙi.

Na dubi makanike. Ya cire hula ya sosa ƙeya. “Tsakiya ya ce ko?”

“Ƙarƙashin benci na biyu.”

Na so in je gida in ce, Baba, kai ne da gaskiya. To in ce masa gaskiyar me? Ba zai tuna ya faɗa ba. Ya san nauyin jirgin nan kamar yadda na san sunana, amma ranar Talatar da ta kwantar da ɗansa ta goge daga kansa fes. Wa zan yi wa fushi? Na rasa, shi ya sa nake yi wa kowa.

Talata, azahar

An mayar da tankuna tsakiya, jirgi ya daidaita. Makanike ya tayar da injinan biyu, ya ce kowa ya matsa, ya sa giyar gaba da alfahari.

Jirgi ya yi baya.

Ya yi baya da ƙarfinsa, ya daki kwalekwalen wani mai kamun kifi, mutumin ya faɗa ruwa da hularsa. Ya fito yana zagin kakannin dizal. Ashe farfelun biyu ba iri ɗaya ba ne, akwai ta dama akwai ta hagu, an sa kowacce a wurin 'yar'uwarta.

Na zauna a kan benci na yi ta dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Gobe-da-safe ya tsaya a kaina ya rasa yadda zai yi. Ya ce, “Malama, wallahi yau zan gyara. Yau ɗin nan.” Kuma ya gyara.

Laraba, bayan la'asar

Injin hagu ya mutu a tsakiyar ruwa, iska ta shiga layin mai. Makanike ya nuna min notin da ake sassautawa, a yi ta danna famfo har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla. Ni na yi da hannuna, ya tashi. Ya koya min sandunan da ake ba inji wuta da su kuma, yadda ake tura su tare don kada jirgi ya karkace.

Yaya bai ɗauki wayata ba. Sau bakwai. Na tura masa saƙo: ƙarfe tara jami'i zai zo, ka riƙe sitiyari da hagu, ni zan riƙe wuta. Bai amsa ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Jami'i ya zo tara saura kwata da allonsa. Ya shiga ramin inji, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa tankuna, ya ƙirga rigunan ruwa. Sai ya ce, “Ina matuƙi?”

Na ce yana hanya. Ban san ko yana hanya ba.

Tara da minti ashirin sai ga Yaya, matarsa na biye da shi da lema. An cire masa naɗin daga gwiwar hannu zuwa ƙasa don ya sha iska. Ban taɓa ganin hannun a buɗe ba. Ba zan rubuta yadda yake ba.

Yana sa ƙafa a jirgi na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayana. Baba ne, da hular tuƙinsa, da silifas ɗin Inna a ƙafa. Ƙarar inji ya ji daga gida.

Matar Yaya ta matsa za ta tare shi, Yaya ya ɗaga mata hannun hagu. Baba ya zo har gabansa. Ya daɗe yana kallon hannun. Ya miƙa yatsa kamar zai taɓa, ya fasa.

“Wa ya yi maka wannan?”

 Makanike ya sunkuyar da kai. Jami'i ya shiga duba allonsa kamar an rubuta masa sabon abu.

Yaya ya ce, “Fetur ne, Baba.”

“Fetur? To me ake jira? A fitar da shi daga jirgin nan!”

“An fitar.”

“Madalla.” Ya nufi sitiyari.

Yaya ya riga shi tsayawa a wurin. Ya ce, “Baba, sababbi ne, ban san muryarsu ba tukuna. Zauna nan kusa da ramin ka saurara mana. Kunnenka nake so.”

Baba ya zauna, ya karkata kai. Muka tashi, Yaya da sitiyari, ni da wuta. Minti talatin da takwas muka kai ƙetare. Mutane suka fito bakin gaɓa suna ɗaga hannu, mai tumatir har da rawa. A hanyar dawowa Baba ya ce na dama yana da ɗan kaɗawa, a duba notin gindinsa. Makanike bai ce to ba, sifana ya ɗauko. Ashe noti ɗaya ne ya saki.

Jami'i ya sa hannu.

Yaya bai zo gida cin abinci ba. Amma da zai tafi ya durƙusa ya ce, “Baba, sai da safe.” Matarsa ba ta durƙusa ba. Ban ga laifinta ba.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Gobe zan koma makaranta. An sami wanda zai riƙe wa Yaya wuta har hannun ya warke, wani tsohon matuƙin jirgin yashi.

Ina zaune a tsakar gida da littafin nan Baba ya fito ya zauna kusa da ni. Akwai safiyar da idonsa ke washewa, ka ga mutumin da ka sani a ciki. Yau irinta ce. 

“Uwata. Rannan ban buɗe ramin ya sha iska ba ko?”

Na ce, “Baba, shayinka zai huce.”

“Yana ciki, ni kuma na murɗa makullin.”

Ba tambaya ba ce wannan karon. Na duba ko Inna za ta fito ta cece ni, ba ta fito ba. Na ce, “E, Baba.”

Bai yi kuka ba. Ya ɗora hannayensa biyu a kan sanda yana kallonsu.

“Shi kuma ya ce min fetur ne.”

“Haka ya ce.”

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya nuna littafin da haɓa.

“Zuwa azahar zan manta, na san kaina yanzu. Rubuta a nan. Ki rubuta ni na murɗa, kuma kada a sake barina in taɓa makullin jirgi, ko na yi faɗa, ko na yi rantsuwa. In na tambaya, a karanta min.”

Ya tsaya a kaina sai da ya ga alƙalami yana tafiya.

To ga shi, Baba, na rubuta: kai ka murɗa. Kada a sake ba ka makulli.

Karantawar ce ban yi maka alkawari ba.